Baƙuwar kainuwa a Kogin Kwara: wace magana ce gaskiya?

Da zarar ruwa ya kawo a Kogin Kwara, sai ka ga ciyawa na saukowa tsibi-tsibi daga wajen Gaya da Malanbil, ta wuce Lolo ta malale cikin ƙasar Bagudo. Ta toshe mashigin kwale-kwale, ta nannaɗe kalli, ta shaƙe bakin tiyon masu ban-ruwa. Daga Kurgu har ƙauyukan bakin ruwa, kowa da abin da yake faɗa a kanta.

Wasu na cewa ai kainuwa ce dashen Allah, tun kaka da kakanni tana nan. Ba ita ba ce. Kainuwar tafki da muka sani ganyenta a buɗe yake, mai gashi-gashi, kwance a kan ruwa. Wannan kuwa ganyenta na sheƙi, gindinsa a kumbure, in ka matsa shi sai ka ji iska a ciki, furenta kuma shuɗi-shuɗi da ɗigon rawaya. Asalinta yankin Kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kyan furen nan ne ya sa mutane suka riƙa ɗaukarta suna ƙawata tafkunan gida da ita, har ta ɓalle ta shiga koguna.

Masu ɗora wa maƙwabtanmu na Benin laifi sun riƙe rabin labari ne. Gaskiya ne a 1984 aka fara ganinta a Najeriya ta Badagiri, kuma daga ruwan Porto-Novo na Benin ta shigo. Amma wancan labarin Kudu ne. Tamu ta biyo Kwara ne daga sama, ta ratso Nijar, ta isa tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1980. Madatsar Kainji ma ba ita ta haife ta ba, domin tun 1968 aka gama ta. Ruwan da ya kwanta dai ya ba ta wurin zama.

Cewa tana kashe kifi, wannan akwai ƙamshin gaskiya. In ta rufe ruwa ruf, haske ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Karfasa da giwan ruwa su ne ke shan wahala su ƙaura, tarwaɗa da gaiwa kuwa, da yake suna iya shaƙar iska a sama, sukan jure. Maganar cuta ma gaskiya ce: saiwarta maɓoya ce ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, sauro kuma na hayayyafa a tsakankaninta.

Inda jita-jita ta fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Akwai masu ganin a zuba Gamalin a huta. Gamalin maganin ƙwari ne, ba ya yi wa ciyawa komai. Kifi zai kashe, ya bar guba a ruwan da mutane da shanu ke sha. Tun 2009 aka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su a noma. Ko maganin ciyawa na gona, in an yi feshin da ya kashe ta gaba ɗaya, ruɓewarta a cikin ruwa sai ta cinye iskar da ta rage, da safe a tarar da kifi ya taso ciki sama. Ni a ganina wannan ya fi ciyawar kanta muni.

Sassara ta da adda a bar ta a ruwa ma aikin baban giwa ne. Tana miƙa yaɗo ta fitar da 'ya'ya, duk guntun da ya tsira da ido zai sake tohowa, kuma inda ta samu abinci tana iya ninka yawanta cikin mako biyu. Abincin nan ba daga nesa yake zuwa ba: takin zamanin da ruwa ke wankowa daga fadamun shinkafa, da kashin dabbobi, da ƙazantar gari. Irinta kuma na iya kwanciya cikin taɓo shekara 20 bai mutu ba. Abin da ke aiki shi ne a janyo ta da ƙugiya tun tana kaɗan, a jibge ta a tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, ta bushe ko ta zama taki. Shanu na iya taɓa ta, amma kusan duk jikinta ruwa ne, ba ta ƙosarwa.

Sai batun ƙwaron da masana ke saki a kanta, wanda wasu manoma ke tsoron zai koma kan shinkafa. Ɗan ƙwaro ne daga ƙasarta ta asali. Babban na cin ganye, tsutsarsa na huda kara har ruwa ya shiga ya ruɓe. An gwada shi kan amfanin gona kafin a sake shi, kuma ba ya iya rayuwa a kan shinkafa ko masara. A kudancin Benin an fara sakinsa a 1991, a tafkin Biktoriya ma ya taimaka wajen karya ƙarfinta a ƙarshen shekarun 1990. Sai dai aikinsa na ɗaukar shekaru, kuma rage ta yake yi, ba ya ƙarar da ita, musamman a kogi irin Kwara da kowace shekara ke kawo sabuwa daga sama.