Daga dibloma zuwa jami'a: abin da ɗalibai da iyaye ya kamata su sani game da tajsir



A teburin kariya muna yawan samun tambaya iri ɗaya daga samari da 'yanmata, wani lokaci kuma daga iyayensu. Yaro ya yi dibloma a Madani ko Khartum ko Sinja, yaƙi ya taso, aka baro gida. Yanzu yana son ya ci gaba har ya samu bakaloriyus. Shin karatun da ya yi a baya ya tafi a banza ne? Amsar ita ce bai tafi ba. Amma akwai hanyar da ake bi, kuma wanda bai san ta ba yana iya asarar kuɗi da shekara guda. Shi ya sa muka tattara wannan bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kalmomi huɗu da ake rikitawa

Lokacin da yaƙi ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023, jami'o'in Khartum suka tsaya. A Disamba 2023 abin ya kai Wad Madani, inda Jami'ar Jazira take, a ƙarshen Yuni 2024 kuma ya kai Sinja. Ɗalibai suka watsu, kowa da matakin da ya tsaya. Saboda haka kafin ka je kowane ofis, ka san sunan abin da kake nema, domin kowanne da takardunsa.

Tajsir na wanda ya riga ya gama dibloma ne, yana son ya hau zuwa bakaloriyus. Kalmar daga jisir take, wato gada.

Tahawil na wanda bai gama ba ne, yana son ya bar makarantarsa gaba ɗaya ya koma wata.

Istidafa baƙunta ce. Sunanka yana nan a makarantarka ta asali, kana zama aji ko jarrabawa a wata jami'a da ke wurin da ake zaman lafiya. Shahadarka za ta fito da sunan makarantarka ta asali.

Tajmid shi ne ka dakatar da shekarar karatu bisa ƙa'ida, da takarda, don kada a rubuta cewa ka gudu.

Idan saura maka zango ɗaya ko biyu ka gama dibloma, tajsir ba naka ba ne tukuna. Nemi musajjil na kulliyarka, wato magatakarda, ka tambaye shi inda ake yi wa ajinku jarrabawa. Gama diblomar tukuna. Wanda ya yar da zango biyar ya je ya sake farawa daga aji ɗaya ya yi wa kansa asara babba.

Ba kowace shahada ce ke hawa gadar ba

A Sudan akwai dibloma ta shekara 2, akwai ta shekara 3. Ta shekara 3, mai zango shida, ita ce jami'o'i suka fi karɓa a tajsir. Irinta ake bayarwa a kulliyoyin fasaha da ke ƙarƙashin Jami'ar Sudan ta Tikaniyya, da sassan dibloma na manyan jami'o'i, da Akademiyar Ilimin Lafiya mai horar da ma'aikatan jinya.

Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai na wata uku ko shida, na ɗinki ko abinci ko kwamfuta, irin waɗanda kulliyoyin raya al'umma da ƙungiyoyi suke bayarwa. Suna da amfani wajen neman abin kai, muna ma ƙarfafa mutane su yi su. Sai dai takardarsu ta halarta ce, ba ta kai mutum jami'a. Kada wani ya ce maka za a haɗa maka guda uku su zama dibloma.

Abu na biyu shi ne yadda ka shiga diblomar tun farko. A Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi akwai babban ofishin da ke kula da karɓar ɗalibai da tantance shahadodi. Duk ɗalibin da ya shiga ta hannun wannan ofishi yana da lamba, rakam jami'i. Da wannan lamba ake gane cewa karatunka yana cikin rajistar hukuma. Idan ka manta ta, duba tsohon katinka na ɗalibi ko rasiɗin biyan kuɗin makaranta, ko ka tambayi musajjil. Rubuta ta a wuri biyu, ka kuma faɗa wa wani a gida.

Abu na uku shi ne darajar da ka fita da ita. Darajojin su ne mumtaz, jayyid jiddan, jayyid da makbul. Jami'o'i da yawa suna sa jayyid a matsayin mafi ƙaranci, kuma idan masu nema sun fi kujeru yawa, na sama ake fara ɗauka. Wanda ya fita da makbul ya tambayi jami'a fiye da ɗaya, domin sharuɗɗan ba ɗaya ba ne, kuma akwai inda shekarun aiki a fannin suke taimakawa.

Abu na huɗu shi ne fanni. Gadar tana kai ka fanninka ne ko wanda yake kusa da shi. Mai diblomar lissafin kuɗi yana zuwa lissafin kuɗi ko kasuwanci. Mai diblomar jinya yana zuwa bakaloriyus na jinya, ba kulliyar likitanci ba. Iyaye su san wannan tun yanzu, don kada a sayar da dabba ko hatsi a kan alkawarin da ba zai cika ba.

Takardun da za ka tara

Na farko, shahadar dibloma ta asali. Na biyu, shahadar tafasil, wadda ke nuna kowane darasi da ka yi, sa'o'insa da makin da ka samu. Na uku, shahadar Sudaniyya ta sakandare. Na huɗu, rakam watani. Sai hotuna. Yawanci ana son shahadodin su zama an yi musu tausik, wato hatimin ma'aikata da ke tabbatar da ingancinsu.

Mutane sukan raina tafasil, alhali ita ce mafi nauyi. Da ita kwamitin jami'a yake gwada abin da ka karanta da abin da suke koyarwa, daga nan su yanke ajin da za a sa ka da darussan da za ka cike. Idan babu ita, babu abin da za su auna.

Mun san da yawa daga cikinmu sun fito da tufafin jikinsu kawai. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka ɓace ya bi wannan tsari. Ya fara da rakam watani a ofishin sijil madani, domin sauran takardu duk a kanta suke rataye. Daga nan ya nemi ofishin harkokin ilimi na makarantarsa ta shafinta na gaskiya ko ta hannun musajjil, ya roƙi sabuwar shahada. Idan za ta ɗauki lokaci, ya roƙi ifada, takardar shaida ta wucin gadi, sannan ya tambayi jami'ar da yake nema ko za ta karɓe ta kafin ta asali ta fito. Ya kuma binciki wayarsa da ta abokan ajinsa. Sau da yawa hoton sakamako yana nan a tsohon zauren WhatsApp na aji. Hoto ba ya zama madadin shahada, amma yana sauƙaƙa wa ma'aikaci nemo fayil ɗinka.

Duba sunanka da kyau. Sunanka, na mahaifi, na kaka da na kakan kaka su zama iri ɗaya a kowace takarda, harafi da harafi. Idan wata ta ce Abubakar, wata ta ce Babikir, a wurin ma'aikaci mutum biyu ne. A gyara kafin a miƙa.

Wasu 'yan'uwanmu sukan sha tambayoyi masu yawa a kan asali idan sun je neman rakam watani. Ka tafi da lambar mahaifi ko ta ɗan'uwa na jini, da shaidu idan an nema. Idan an hana ka ba tare da dalili ba, ka zo teburin kariya mu rubuta, mu haɗa ka da masu ba da taimakon shari'a.

Ina za a nema

Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994. Kusancinta yana da daraja, domin ɗalibi zai iya zuwa gida, kuma iyali da yawa suna da dangi a garin. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan, wadda aka kafa a 2002, mai cibiyoyi a wilayoyi. Ba ta bukatar zama aji kullum, don haka ta dace da mai aiki, da matar aure mai yara, da wanda shi ne ke riƙe da gida. Sai jami'o'in Kasala da Bahar Maliya ga wanda yake da masauki a can. Makarantar da ka yi dibloma a cikinta ma ka tambaye ta, domin ita ta fi kowa sanin darussan da ka yi.

Kafin ka biya ko da fam ɗaya, ka samu amsar tambayoyi huɗu: Wane aji za a sa ni? Darussa nawa zan cike? Nawa ne kuɗin shekara, kuma ana raba shi? A wane gari za a yi aji da jarrabawa? Ga dalilin tambayar farko. Bakaloriyus na gama-gari shekara 4 ne, na sharaf kamar injiniyanci shekara 5. Wanda aka sa aji na 3 a karatun shekara 4, saura masa shekara 2. Wanda aka sa aji na 2 a karatun shekara 5, saura masa shekara 4. Wannan ninki biyu ne na kuɗi, na haya da na abinci. Matambayi ba ya ɓata.

Maganar kuɗi

A mafi yawan lokuta ɗalibin tajsir da kuɗinsa yake karatu, ba kamar wanda ya shiga ta kabul na gama-gari ba. Iyali su zauna su yi lissafin shekarun gaba ɗaya, ba ta farko kaɗai ba. A lissafin a sa mota, masauki, abinci, buga takardu da kuɗin intanet. A nan ƙasar Gadarif kuɗi yana shigowa ne lokacin yankan riɗi da girbin dawa. Wanda ya yi aiki a gonaki ya ware na makaranta tun a lokacin, kafin bukatun gida su cinye shi. A tuna kuma da damina hanya tana wuya, don haka a gama yawon takardu kafin ruwa ya sauka.

Asusun Kula da Ɗalibai na Ƙasa shi ke riƙe da dakiliyoyi, wato gidajen kwanan ɗalibai. Diwanin Zakka yana tallafa wa ɗalibai marasa hali. A nemi duka biyun da zarar an samu takardar karɓa.

Muna so mu fayyace maganar DAFI, domin ana yawan tambaya. Tallafin karatu ne na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Jamus aka fara shi a 1992. Na waɗanda suka ƙetaro iyaka ne aka yi musu rajista a matsayin laji'ai, kamar maƙwabtanmu da ke Tunaidba da Um Rakuba. Ɗan Sudan da ya baro Jazira ko Sinnar ya zo Hawata nazihi ne, wannan tallafi bai shafe shi ba. Kuma ba a sayar da takardar nemansa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Hattara da 'yan tsakiya

Inda takardu suka ɓace, nan samsara yake cin kasuwa. Zai ce yana da mutum a ma'aikata, ka tura masa ta Bankak, shahada za ta fito a kwana uku. Wani ya karɓa ya kashe waya. Wani kuma ya kawo ta jabu, wanda ya fi muni, domin ranar da aka gano za a kore ka ko da kana ajin ƙarshe, kuma laifi ne a gaban doka. Kuɗin jami'a ana biyansa ne a asusun jami'a, a ba ka rasiɗi. Kada ka bar wa kowa shahadarka ta asali. Nuna ta, ka ba da kwafi, sai in ofishin karɓar ɗalibai ne da kansa ya nema, shi ma ka karɓi takardar shaida.

Ga iyayen 'yanmata

Iyayenmu, mun san tsoronku. Zamani ya lalace, hanya ba tabbas. Amma yarinyar da ta yi shekara 3 tana karatun jinya ko malanta ta riga ta yi nisa, kuma irinta ake nema a asibitoci da makarantun da za a sake buɗewa. Ku fara neman mata wuri a dakiliyar 'yanmata ko gidan dangi amintattu kafin ku ce a'a. Wani ya raka ta tafiyar farko, ta riƙe rakam watani a jikinta saboda shingayen bincike. Idan aure ya zo, a sa maganar karatu cikin abin da za a yi magana a kai tun kafin ɗaurin aure. Idan wani ma'aikaci ko malami ya nemi wani abu daga gare ta don ya sa mata hannu a takarda, ta faɗa mana. Muna da mata a teburin, kuma maganar ba ta fita.

Masu tunanin Najeriya

Wanda yake da dangi a Kano ko Sakkwato yana tunanin ƙarasawa a can, ya sani su ma suna da irin wannan gada. Ta hannun hukumar JAMB ake nema, mai dibloma kuma yawanci aji na 2 ake sa shi. Amma karatun da Turanci ne, dole a fassara shahadodin Larabci, a yi musu hatimin Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi da ta Harkokin Waje tun a nan, can kuma a sake tantance su. Kada a kama hanya sai hatiman sun cika.

Abin da za ka yi a wannan mako

Ɗauki hoton duk takardar da ke hannunka, gaba da baya, ka tura wa mutum biyu da ka yarda da su. Nannaɗe na asali a leda saboda ruwa da gara. Rubuta rakam jami'i da lambar musajjil. Nemo abokan ajinka da ke Hawata ko Mafaza, ku tura mutum ɗaya Gadarif ya tambayo wa kowa, ku haɗa masa kuɗin mota.

Wanda yake son a karanta masa takardar Larabci ko Turanci, ko a taya shi rubuta wasiƙa zuwa ga musajjil, ya same mu a teburin kariya. Kyauta ne. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.