Daga Hadarin Magaria Zuwa Guguwar Teku

Hadarin damina da ke tasowa daga gabas, ya ratsa Dungass da Magaria da iska da ƙura kafin ruwa ya kece, ba a nan tafiyarsa take ƙarewa ba. Irin waɗannan hadura suna bin wata igiyar iska da ke nausawa yamma duk kwana 3 zuwa 5, har su faɗa tekun Atalantika ta gaɓar Senegal da Gini. Idan suka tarar zafin ruwan teku ya kai digiri 26 zuwa 27, wasunsu kan soma juyawa su rikiɗe mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwowin Atalantika daga Afirka suke samo asali.

Tsibirai ne a bakin hanya. A 2015 guguwar Fred ta auka wa tsibiran Kef Bad da ke yamma da Dakar. A 2017 guguwar Maria ta ragargaza tsibirin Dominika, asarar ta haura ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ƙaramin tsibiri ba shi da wani ɓangare da zai tsira ya tallafi sauran.

Wajen tantance ɓarnar da guguwa za ta iya yi, abu uku masana ke aunawa: ƙarfin iska da ruwa, yawan jama'a da dukiyar da ke kan hanya, sai kuma ƙwarin gine-gine da tanadin mutane. Ɗumamar yanayi ba lalle ta ƙara yawan guguwa ba, amma tana ƙara mata ƙarfi, domin duk ƙarin digiri ɗaya na zafi iska kan riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100.

Wannan ma'auni ya shafi kudancin Damagaram kai tsaye. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan haduran Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe a watan Satumba. Magaria da Dungass na cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar, gidaje galibi na laka ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da zurfi a kwarin Korama, ga shi ƙasa ba ta daɗewa take ƙoshi. Ya wajaba ƙananan hukumomi su tantance unguwannin da ke kwance a kwari, su kuma riƙa isar da hasashen yanayi ga jama'a da Hausa ta gidajen rediyo kafin damina ta kankama.