Sabon Giyabos, Tsohon Agogo: Me Ya Sa Allurar Fijo Ke Ƙarya?

 Yau gareji shirinmu ya nufa, wajen masu riƙon tsofaffin motoci.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san Peugeot 504, wadda Bahaushe ke kira Fijo. A Faransa ta fara fitowa a 1968, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, kuma daga 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri, cikin Kaduna. Salun ɗinta ta ɗauki ma'aikatan gwamnati, wagon ta yi jigilar fasinja, akori-kura kuwa har gobe tana dakon hatsi zuwa kasuwannin ƙauye.

Yawancinsu da giya huɗu suka zo. Saboda haka mai son motarsa ta daina kuka a kan doguwar hanya, ta kuma rage shan mai, yakan leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo giyabos mai giya biyar, irin na ƙanwarta 505 da ta fito a 1979. Bakanike ya ɗaura, mota ta tashi lafiya lau, kowa ya yi murna. Sai an hau kwalta a ga allurar agogon gudu ta kwanta kamar gawa, ko tana rawa, ko kuma tana nuna 110 alhali motar 100 take yi.

A nan ne ake yawan ɗora wa giya ta biyar laifin da ba nata ba. Agogon gudu bai san giyar da direba ya sa ba. Daga wutsiyar giyabos yake karɓar labari, wato daga ƙarfen da ke juya farfela, bayan giyoyi sun gama nasu aikin. A jikin ƙarfen nan akwai wani zobe mai murɗaɗɗen zare, shi ke tura wata 'yar giya mai haƙora, galibi ta roba, wadda ba ta wuce babban yatsa ba. Ita ce ke juya wayar da ke cikin kebul. Can bayan agogo, wayar na juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyom. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun na jan kofin, wani siririn sifirin kuma na riƙe shi, allura ta tsaya inda ƙarfin biyun ya yi daidai. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma ta yi kusan ƙarni tana aiki a motocin duniya.

To ina matsalar take? Kamfani ya yanka haƙoran 'yar giyar nan ne bisa lissafin aksul na baya da girman tayar motar da aka ƙera wa giyabos ɗin. In aka ɗauke shi aka kai wata motar, da lissafinsa na gida zai tafi. Aksul ɗin akori-kura, alal misali, an yi shi ne domin jan kaya, farfelarsa na juyawa fiye da ta salun kafin taya ta zaga sau ɗaya. Taya ma na da nata. Mai lamba 175 R14 na cin kusan mita biyu a kowane zagaye, wato zagaye kusan 500 a kilomita guda. A sa wa motar 185/65 R14, wadda ta fi ta ƙanƙanta da kusan kashi 6 cikin 100, nan take allura za ta ƙara wa gudun kashi shida ɗin da babu shi.

Gyaran ba ya bukatar na'ura mai tsada, lissafin firamare ne. A samu miƙaƙƙiyar hanya, mutum ɗaya na tuƙi, na gefensa na duba gudun da GPS ɗin wayarsa ke nunawa. Idan waya ta ce 100, agogo ya ce 110, kebul na juyawa fiye da kima da kashi 10 cikin 100. In 'yar giyar da ke ciki haƙora 20 gare ta, mai 22 ake nema. Idan kuwa agogon baya yake ja, sai a rage haƙora. Wani lokacin ba a samun wadda za ta hau zoben da ke ciki, sai dai a sa ɗan akwatin da ke sauya yawan juyi tsakanin giyabos da kebul.

Ƙwararren bakanike ba zai tsaya kan allura kaɗai ba, zai dubi lambobin da ke ƙirga kilomita. In su ma sun yi kuskure daidai da na allura, laifin haƙora ne. In ƙirgensu daidai yake, allura ce kawai ke ƙarya, to ciwon na cikin agogon, sifirin ya saki ko maganaɗisu ya yi sanyi. Rawar allura kuma kusan kullum daga kebul take: ya bushe, ko an lanƙwasa shi da tsiya saboda bakin sabon giyabos ba a inda na tsohon yake ba. Gara a nemo mai tsawo a bi da shi a sake, nesa da zafin salansa. A kuma duba robar da ke tare mai a bakin 'yar giyar, domin in ta mutu, man giya na bin waya ya hau har cikin agogo.

Masu tsofaffin motoci a Amurka sun sha wannan fama. Can an tsara agogon yawancin motocin da a kan juyi 1,000 a kowane mil. Masu Chevrolet na shekarun 1960 da suka koma giyabos 700R4, wanda ya fito a 1982, da canjin haƙora suke gamawa. Amma magajinsa 4L60E ba shi da ramin kebul ko kaɗan, saƙon lantarki yake fitarwa. Mai shi ko dai ya sayi akwatin da ke karɓar saƙon ya juya tsohon kebul da ƙaramin injin lantarki, ko ya canza agogon da mai aiki da GPS. Irin wannan zaɓi ne ke jiran duk wanda ya ɗaura wa tsohuwar motarsa giyabos na zamani, ko a ina yake.

Abin takaici shi ne yadda ake raina wannan aiki. Mota ta tashi, giya na shiga, sai a cusa kebul a ƙarƙashin kafet a ce sai wani jiƙon. Alhali dokar hanya a Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi, kuma direban da ya saba da kukan injin a giya huɗu, kunnensa zai yaudare shi a giya biyar, domin injin ya yi shiru, gudun kuwa ya ƙaru. Burkin motar da ta haura shekara talatin ba abin gwaji ba ne.

Don haka mai Fijo da ke shirin canza giyabos, ka tambayi mai sayarwa daga wace mota aka ciro shi, ka ce a haɗo maka da 'yar giyar da kebul ɗinta. Kai kuma malam bakanike, kada ka miƙa mukulli sai kun hau hanya tare kun gwada. Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu shiri na gaba.