Jijiyoyin Hannu Da Yadda A Ke Gyaransu

Abin da mu ke kira jijiya iri uku ne. Akwai ta jini, akwai agara wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wata fara mai kama da zare, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan ta ukun ita ce za mu yi zance a kanta. Aikinta kamar na wayar tangarafu ne. In ƙwaƙwalwa ta ce wa yatsa, "Lanƙwashe," ta cikinta umurnin zai bi. In kuwa ƙaya ta soki yatsan, ta cikinta labarin zai koma.

Jijiyoyin hannu daga laka su ke fitowa, wajen wuya, saiwa biyar. Su kan sarƙe da juna a bayan ƙashin wuya, su bi ta hammata, sa'an nan manya uku su gangara har yatsu.

Ta fari ita ce ta tsakiya, likitoci na ce mata midiyan. Ta tsakiyar wuyan hannu ta ke shiga tafi. Ita ke ba da ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Da ita maɗinki ke riƙe allura. Ta biyu, watau alna, ta bayan gwiwar hannu ta ke bi. Ka taɓa bugewa a nan ka ji zir har ƙaramin yatsa? To, ita ka taɓa. Ita ke buɗe yatsu ta haɗa su. In ta mutu, sai yatsu biyu na ƙarshe su ƙandare kamar ƙafar shaho, yadda a kan gani ga wanda kuturta ta daɗe a jikinsa ba magani. Ta uku, radiyal, ta kan kewaye ƙashin damtse, ita ke ɗaga wuyan hannu. In ƙashin nan ya karye ya ji mata, sai hannu ya yi laɓo.

Ga abin mamaki. In jijiya ta tsinke, guntun da ke wajen yatsu ya kan mutu, amma na wajen wuya ya kan sake tofo, kamar inci ɗaya a wata. Saboda haka likita ya kan haɗa bakunan biyu ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ya ɗinke da zaren da bai kai kaurin gashi ba. In tsakaninsu da rata, sai ya yanko wata siririyar jijiya daga sha-raɓa ya yi gada da ita.

Wani lokaci kuwa, kamar in mutum ya faɗo daga babur, saiwar kanta ke tsigewa daga laka, ba abin ɗinkewa. A shekarar 1994 wani likita a Faris, sunansa Christophe Oberlin, ya bayyana dabarar wannan. Jijiya kamar igiya ta ke, silli da yawa a haɗe. Sai ya zare silli ɗaya ko biyu daga alna mai lafiya, ya jona da jijiyar ƙwanji wadda ta mutu. Bayan watanni gwiwar hannu ta soma lanƙwasa. Da fari sai majiyyaci ya dunƙule hannu kafin ta motsa, a kwana a tashi har ƙwaƙwalwa ta saba da sabuwar hanya.

Amma fa a lura. Tsokar da ta rasa jijiyarta ba ta jira har abada. In ta shekara ɗaya ko ɗaya da rabi saƙo bai iso ba, ta kan shanye, ko jijiyar ta zo daga baya ba ta farfaɗowa. Don haka in wuƙa, ko lauje, ko kwalba ta yanke ka a wuyan hannu, ka ji wani yatsa ya mutu, kada ka zauna don ka ga miki ya warke. Fata dabam, jijiya dabam. Tafi asibiti tun da wuri, ka gaya wa likita yatsan da ba ka ji, gama da hannun nan ka ke ciyad da iyalinka.