Tanadin Allah: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Aka Ƙara Masa Gishiri

Tun da tsadar rayuwa ta matse jama'a, wasu saƙonni suka yawaita a wayoyin masu bi. Muryar mai wa'azi ce a WhatsApp, ko ɗan bidiyo a Facebook, a ƙarshensa kuma lambar asusun banki. Maganar kusan guda ce: ka "shuka iri" na naira dubu goma, kafin wata ya mutu Allah zai mayar maka ninki ɗari. Wanda ya yi jinkiri, a ce bangaskiyarsa ce ba ta da ƙarfi. Irin wannan zance yana kama zuciya ne domin an cuɗa shi da gaskiya.

Gaskiya ne Allah yana lura da ci da sha da suturar 'ya'yansa. A Matiyu sura 6, Yesu ya nuna wa almajiransa tsuntsaye da furannin jeji, ya hana su damuwa a kan gobe, ya kuma koya musu roƙon abincin yini. A Fitowa sura 16, Isra'ilawa sun ci manna shekara 40 a jeji. Amma a duba yadda aka ba da ita. Kowa sai ya fita da sassafe ya tara gwargwadon bakunan da ke gidansa, wanda kuma ya ɓoye saura don gobe, sai ya tarar ta yi tsutsa tana wari. Abin da aka yi alkawarinsa shi ne isa, ba tarin dukiya ba. Manzo Bulus, wanda ya tabbatar wa Filibiyawa cewa Allah zai biya musu bukatunsu, daga kurkuku ya rubuta wasiƙar, kuma a cikinta ya ce ya san ƙoshi, ya san yunwa.

To, daga ina "ninki ɗari" ya fito? Daga misalin mai shuka ne a Markus sura 4. Sai dai Yesu da bakinsa ya fassara misalin, ya ce irin nan Maganar Allah ce, ƙasar kuma zuciyar mai ji. Babu kuɗi a cikinsa ko kobo. Inda aka kwatanta bayarwa da shuka da gaske shi ne 2 Korantiyawa sura 9, kuma masu wa'azin iri suna yawan jawo ta. Abin da ba sa faɗa shi ne inda wannan baiko ya nufa. Gudummawa ce ake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba dole. A sura 8 har ya bayyana cewa akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Kuɗin daga mai hali ya tafi wurin marar hali, a gaban shaidu. A saƙonnin da ke yawo yau kuwa, daga gwauruwa mai tallan ƙosai yake tafiya asusun mutum guda, ba wanda zai tambayi lissafi.

Koyarwar nan ma ba tsohuwa ba ce. Oral Roberts, mai wa'azi na birnin Tulsa a Amurka, shi ya yayata ta, musamman da littafin da ya fitar a 1970, daga nan ta bazu ta talabijin har ta iso mana. A 2010, shugabannin ikilisiya fiye da 4,000 daga ƙasashe 198 suka taru a Cape Town, kuma takardar da ta fito daga taron ta ƙi amincewa da cewa arziki kullum alamar albarka ne, ko cewa ana samun ikon Allah da kuɗi. Tun kafin su, Bitrus ya tsauta wa Siman mai sihiri a Samariya da kakkausar murya sa'ad da ya miƙo kuɗi yana neman baiwar Ruhu Mai Tsarki.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta magani, domin ita tana kisa. Ana cewa wanda aka ɗora wa hannu aka yi masa addu'a, in ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, ya nuna bai gaskata ba. Sai ka ga dattijuwa mai hawan jini ta miƙe a lokacin shaida, ta ɗaga ledar maganinta sama ana tafi, ta ce ta rabu da shi har abada. Ba ƙarya take yi ba da ta ce tana jin daɗin jikinta. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Mai tarin fuka da ya yanke magani kafin watanni 6 su cika, cutar na iya dawowa ta ƙi jin maganin farko. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau in ya daina, ƙwayar sai ta sake yawaita a jini. Mun gaskata Allah yana warkarwa, Yaƙub sura 5 kuma ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a. Amma babu inda aka ce a zubar da magani. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Su kansu waɗanda suka kawo bishara ƙasashenmu, asibitoci suka gina kusa da majami'u, a Wusasa, a Vom, da Galmi ta Nijar wadda aka buɗe a 1950. In an warke da gaske, gwajin likita zai nuna, kuma likitan ne zai ce a daina.

Masu cewa talauci ko rashin lafiya hukuncin zunubi ne, amsarsu gajeriya ce. Abokan Ayuba haka suka faɗa, Allah kuwa ya ce ba su faɗi daidai ba. Da almajirai suka tambayi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Mutane da dama suna rantsuwa cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka" aya ce. Karin magana ce, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma game da ceton rai ba ta yi daidai ba, tun da alheri ne ba ladan ƙoƙari ba. Amma game da tuwo tana kusa da gaskiya. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti, ya kuma gargaɗi Tasalonikawa a kan zaman banza. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, ba a kira wannan rashin bangaskiya ba. Manomin da ya cika rumbu da matar da ke zubin adashe ba su saɓa wa Matiyu sura 6 ba. Damuwa aka hana, ba shiri ba.

Ana yawan kawo labarin George Müller na Bristol a Ingila, wanda ya rasu a 1898, a ce ya riƙe marayu da addu'a kawai. Gaskiya ne bai roƙi kowa kuɗi kai tsaye ba, marayu fiye da 10,000 kuma suka bi ta gidajensa. Abin da ake tsallakewa shi ne kowace shekara yana buga rahoto, ya nuna abin da ya shigo da inda ya tafi, kuma abincin yaran daga hannun mutane ya fito, masu kuɗi da talakawa. Haka ya faru a Antakiya, lokacin da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kaisar Kalaudiyas: kowane almajiri ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, aka damƙa wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) su kai wa dattawa a Yahudiya. Mudun masarar da zumuntar mata ke aunawa a kai gidan da aka yi rasuwa, daga wannan tushe yake. Saboda haka, kafin ka tura kuɗi zuwa lambar da ke ƙarshen bidiyo, ka tambaya wa zai ci amfaninsu, wa kuma ke duba lissafin. Mai wa'azin da ya yi fushi da wannan tambaya ya bar hanyar da Bulus ya bi da kuɗin Korantiyawa.