Manhajar gwaji: abin da ke faruwa ranar da wa'adi ya cika

Kwana 7, kwana 30, kwana 40, wasu har kwana 180. Kamfanonin da ke ƙera manhajojin kwamfuta da na salula kan bar mutum ya yi aiki da kayansu kyauta na ɗan lokaci kafin ya biya. Sai dai kowane kamfani da irin iyakar da yake sawa, kuma wanda bai san wadda aka sa masa ba zai iya wayar gari ya tarar an kulle masa aikinsa, ko an cire masa kuɗi a kati.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ko gidan intanet a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san ƴar tagar nan da ke faɗowa a fuskar kwamfuta, da faransanci ko da turanci, tana cewa saura kwana uku lokacin gwaji ya ƙare. Yawanci rufe ta ake yi a ci gaba da aiki. Sai ranar da ɗalibi ya zo da kundin kammala karatunsa yana son a gyara masa shafi biyu kafin azahar: takardar ta buɗu, amma ta ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Wa'adin gwaji ne ya cika, manhajar kuma ta yi abin da aka tsara mata tun ranar da aka saka ta.

Inda dabarar ta samo asali

A Amurka aka fara, farkon shekarun 1980. A 1982 Andrew Fluegelman ya fitar da manhajar PC-Talk, Jim Knopf kuma ya fitar da PC-File. Maimakon su kai kanti, sai suka ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ga ta yi masa amfani ya aiko da kuɗi ta gidan waya. A 1983 Bob Wallace ya bi sahunsu da PC-Write, ya kira tsarin shareware. Lokacin babu ƙidayar kwana, babu kulle, amana ce kawai. A 1993 kamfanin id Software ya nuna wata hanyar da wasan Doom: kashi na farko kyauta, ragowar kashi biyu sai an biya.

Abin bai yi nisa da yadda mai kilishi ke yaga wa mai ciniki ɗan guntu ya ɗanɗana ba. Bambancin shi ne ɗanɗanon kilishi a baki yake ƙarewa. Manhaja kuwa, cikin wata ɗaya mutum ya zuba mata lissafin shagonsa, sunayen masu bashi, hotunan biki da takardun makaranta. Kamfanin ya san da haka, kuma a kan haka yake yin lissafinsa: wanda ya riga ya saba, kuma aikinsa na ciki, shi ne ya fi kusa da biya.

Iyaka kashi-kashi ce

Wadda aka fi sani ita ce iyakar lokaci. Internet Download Manager, da ake gani a kwamfutoci da yawa saboda sauke bidiyo, kwana 30 yake bayarwa. WinRAR kwana 40. Adobe, mai Photoshop da Premiere Pro, kwana 7. Microsoft 365, wato Word da Excel da ƴan'uwansu, wata ɗaya. Windows na gwaji da Microsoft ke ba ma'aikatu kwana 90 ne, na manyan na'urorin ajiyar bayanai kuma kwana 180. Ba a banza alƙaluman suka bambanta ba. Mai gyaran hoto cikin mako guda zai gane ko manhaja ta dace da shi, amma ma'aikatar da za ta ɗora kwamfutoci hamsin a kan na'ura ɗaya tana bukatar watanni kafin ta yanke shawara. In wa'adin ya yi gajere, mutum bai gwada ba ya tafi. In ya yi tsawo, ya gama aikin da ya kawo shi ya tafi bai biya ba.

Akwai kuma iyakar aiki. Manhajar haɗa bidiyo za ta bar mutum ya yi komai, sai wajen fitarwa ta manna tambarin kamfanin a tsakiyar hoton. Manhajar dawo da fayilolin da suka goge za ta nuna su duka a jere, amma kaɗan za ta dawo da su kafin ta nemi kuɗi. Wasu adadi suke ƙirgawa: buɗewa sau kaza, ko faktir kaza, ko sunayen masu ciniki kaza.

Ta ƙarshe ita ce naci. WinRAR ya yi suna da wannan: bayan kwana 40 ba ya daina aiki, sai dai duk lokacin da aka buɗe shi ya tuna wa mutum cewa lokacin saye ya yi. Sharuɗɗansa dai sun ce bayan wa'adin sai an sayi lasisi ko a cire shi, kuma ma'aikatu da kamfanoni, waɗanda ake iya bincika, su ne suka fi bin wannan sharaɗi.

Ranar da wa'adi ya cika

Nan ne ya kamata a fi sa ido, domin abin da ke biyo baya ba iri ɗaya ba ne. Word da Excel na Microsoft 365 kan koma yanayin karatu kawai: ana iya buɗe takarda a karanta a buga, amma ba a iya gyara ta ko buɗe sabuwa. Windows na gwaji kan mayar da bangon fuska baƙi, sannan ya riƙa kashe kwamfutar da kansa duk bayan awa ɗaya. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu da irin wannan Windows a ciki zai iya zagaye masu gyara yana zaton batir ne ko zafi.

Mafi haɗari shi ne maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke zuwa da sabuwar na'ura. Alamarsa tana nan a ƙasan fuska, amma daga ranar da gwajin ya ƙare ya daina karɓar bayanan sababbin ƙwayoyi. Mai shago na ta cusa kile USB na mutane yana zaton akwai mai gadi. A Windows 10 da 11 akwai Microsoft Defender kyauta a ciki, don haka wanda ba zai biya ba gara ya cire wanda ya ƙare ya tabbatar Defender na aiki.

Sai gwajin da ke neman lambar katin banki tun farko. Irin wannan ba ya ƙarewa da kansa, rikiɗewa yake yi ya koma biya na wata-wata. Goge manhajar daga salula ba ya soke rajistar, sai an shiga asusun Google Play ko App Store an soke ta. Apple ma ya bayyana cewa a soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. A watan Yunin 2024 hukumomin Amurka sun kai Adobe kotu bisa zargin cewa tsarin da yake fara nuna wa mai rajista na shekara ne da ake biya wata-wata, kuma bai fito fili da cewa wanda ya fasa a tsakiya zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage ba. Kamfanin ya musanta zargin. Ga masu katin Visa da ake loda wa kuɗi, darasin shi ne a karanta abin da zai biyo bayan gwajin kafin a shigar da lamba.

Yadda manhaja ke ƙirga kwanaki

Da yawa kan cire manhajar su sake saka ta, su yi mamakin ganin ta tuna da su. Dalili shi ne ranar farko tana rubuta kwanan wata a wurin da cirewa ba ya taɓawa, kamar rajistar Windows ko wani ɓoyayyen fayil. Wasu kan haɗa lambobin sassan kwamfutar su aika wa kamfanin, ta yadda ko an goge komai an sake saka Windows, kamfanin zai gane na'urar. Sababbi kuwa asusun imel suke bi, ƙidayar tana can wajen kamfanin.

Mayar da agogon kwamfuta baya tsohuwar dabara ce da yawancin manhajoji suka riga suka gano, wasu ma in sun ga agogo ya koma baya sai su rufe gwajin nan take. Kuma kwanan wata na ƙarya yana hana shafukan intanet masu tsaro buɗuwa. Wannan na iya samun wanda bai yi niyyar komai ba: a tsofaffin kwamfutoci, ɗan batirin da ke riƙe agogo, mai kama da ƙwandala, kan mutu, sai kwanan wata ya rikice duk lokacin da wuta ta ɗauke. Canza batirin ya fi sauƙi da arha a kan sake saka komai.

Ƙarin wa'adi: na halas da na ɓarauniyar hanya

Wasu kamfanonin da kansu suke barin ƙofar ƙari. A Windows 7, Microsoft ya ba da kwana 30 kafin a shigar da lambar lasisi, ya kuma tanadi umarnin da ke sabunta ƙidayar har sau uku, jimla kwana 120. Masu sayar da manhajojin lissafi da na ma'aikatu sukan ƙara mako ɗaya ko biyu ga wanda ya rubuto ya yi bayani, domin mai neman ƙari alama ce ta mai niyyar saye. Autodesk, mai AutoCAD, yana ba ɗalibai da malaman makarantun da ya amince da su shekara ɗaya kyauta, ana kuma iya sabuntawa.

Misalin da ya fi kusa da kowa shi ne WhatsApp. A da shekarar farko ce kawai kyauta, bayanta sai a biya kusan dalar Amurka ɗaya duk shekara. Amma mutane da yawa sun riƙa ganin an ƙara musu wa'adi ba tare da sun biya ba, har a watan Janairun 2016 kamfanin ya soke kuɗin gaba ɗaya. Dalilin da ya bayar shi ne da yawa daga cikin masu amfani da shi ba su da katin banki. Iyakar da mutane ba su da hanyar biyanta, korar su kawai take yi.

Ɓarauniyar hanya ita ce fayilolin fasa kulle da ake kira kirak. Kusan dukkansu sukan ce a kashe maganin ƙwayoyin cuta kafin a saka su, kuma nan ne ƙofa ke buɗewa. Ƙwayar STOP/Djvu, wadda ta yaɗu a duniya ta cikin irin waɗannan fayiloli, ta riƙa kulle hotuna da takardu tana neman dalar Amurka 980, ko 490 ga wanda ya yi magana cikin kwana uku. Ko rangwamen ya haura jika 250 na sefa, kuma biya ba ya tabbatar da dawowar fayilolin. Ta fuskar doka ma, Nijar na cikin ƙungiyar OAPI, kuma yarjejeniyar Bangui da ta kafa ta tana kare manhajojin kwamfuta kamar yadda take kare littattafai.

Ga masu rubuta manhaja a gida

Matasan da ke ƙera manhajojin lissafin shago, kantin magani ko makaranta su ma sai sun yanke irin wannan shawara, kuma kwafo kwana 30 daga waje ba lalle ya dace ba. Manhajar lissafi ba ta nuna amfaninta sai an rufe wata da ita. Ta makaranta sai an kai lokacin fitar da sakamako. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ƙirga ranakun da aka buɗe manhajar ya fi adalci a kan ƙirga kwanakin kalanda. Ƙarin wa'adi ana iya yin sa da lambar da za a tura ta saƙon salula, ba sai da intanet ba, biya kuma ta hanyoyin tura kuɗi da ƴan kasuwa suka saba da su. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne bayanan mai shago. A hana shi shigar da sabon ciniki in wa'adi ya cika, amma a bar shi ya ga tsohon lissafinsa ya fitar da shi. Ɗan kasuwar da aka kulle wa littafin bashinsa zai iya biya don dole, amma labarin zai zagaye kasuwa kafin la'asar.

Kafin a danna

Mai amfani kuwa, tun ranar farko ya kamata ya san yawan kwanakin, ya rubuta ranar ƙarewa a kalandar salularsa, ya duba ko an karɓi lambar katinsa. Sannan ya gwada fitar da aikinsa zuwa PDF, Excel ko hoto na yau da kullum tun gwajin na aiki. Ga ayyuka da yawa ma akwai manhajojin da ba su da wa'adi kwata-kwata: LibreOffice don rubutu da lissafi, 7-Zip a madadin WinRAR, GIMP don gyaran hoto, da VLC, wanda ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris suka fara, don kallon bidiyo. Mai shagon da ya ajiye LibreOffice a gefe zai iya buɗe kundin ɗalibin nan ya gyara masa shafinsa biyu kafin azahar, daga baya ya zauna ya duba ko cinikinsa zai ɗauki kuɗin lasisi.