Kiɗa da Waƙa Tsakanin Gari da Bariki

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda farar hula a ƙasar Hausa suka riƙa nishaɗantar da sojoji a lokacin yaƙi, da abin da wannan ya canza a tsakaninsu.

Tun kafin zuwan Turawa, mayaƙi ba baƙo ba ne a garinsu. Ɗan gari ne, kuma makaɗan fada ne ke zuga shi da tambari da kirari. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a fagen Giginya a 1903, sai aka sami wani sabon mayaƙi, mai albashi, mai zama a bayan gari, wanda sau da yawa ma ba ɗan ƙasar ba ne. Harshe ya adana wannan tazara. Kalmomin "soja" da "bariki" aro ne daga Turanci, kuma daga ta biyun aka ƙirƙiro "barikanci" da "ɗan bariki". Har yau idan dattijo a Unguwar Rogo ya kira yaro ɗan bariki, ba yabonsa ya yi ba.

Yaƙi ne ya fara rage wannan ƙyama. Da sojojin da suka yi yaƙi a Bama suka komo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa "Maraba da Soja". Amma babban sauyi ya zo ne a yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, lokacin da rundunar Nijeriya ta ƙaru daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Kusan kowace unguwa ta ba da ɗa, saboda haka soja ya zama na gida. Mawaƙan baka irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka yi wa soja waƙoƙi, marubuta irin su Aƙilu Aliyu suka bi sahu, gidan rediyon Kaduna kuma ya kai muryoyinsu har cikin barikoki.

Ya kamata a lura cewa abin ya wuce nishaɗi kawai. Waɗannan waƙoƙi sun ɗauko tsohon aikin makaɗan yaƙi, wato zuga da yabo da zambo, suka ɗora shi a kan kurtun da a da ba mai yi masa kirari. Zambon kuwa, wanda ya fi sauka a kan Ojukwu, shi ne ɓangaren da ya yi nauyin maimaitawa bayan Janar Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci.

Mafi yawan waƙoƙin bakan suna cikin tsofaffin faya-fayai da zukatan waɗanda suka ji su. Wajibi ne sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tattara su tun masu iya bayaninsu suna raye.